Na San Sabi'u Ba Zai Amsa Mini a Gaban Mutane Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u, kuma abin da zan fara faɗa shi ne ni ne ba ni da gaskiya. Shi ne yake da ita. Ba yau na sani ba, faɗa ne na ƙi yi. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan sa a dafa abinci a kai masallaci, in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ana cewa Allah ya jiƙan Malam, ni kuma ina amsa amin da ƙarfi don a ji. Mutanen unguwa suna yaba mini zumunci. Waɗanda suka san abin da na yi masa kuwa sukan gaishe ni a tsaye su wuce. Bana na ce ba zan ƙara ɓuya a bayan tukunyar shinkafa ba.

Ni ba ɗan boko ba ne. A firamare na tsaya, na shiga wani kamfanin fata a Challawa tun ina saurayi, na yi ta jan fatu daga wannan ruwa zuwa wancan har na zama heluma, mai kula da leburori. Saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Sabi'u ne ya yi karatu a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu yana ƙarami, a hannuna ya tashi, ni na kai shi makaranta, ni na yi masa aure. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba. Na faɗa ne don a gane irin makamin da yake hannuna ranar da na tashi yaƙarsa.

Ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandare, daga baya aka ɗauke shi cikin masu horar da malamai. Aka turo shi makarantar maza ta gwamnati da ke yankinmu na Kumbotso, inda yawancin ɗaliban 'ya'yan ma'aikatan Sharada da Challawa ne. Ni ne ciyaman na ƙungiyar iyayen yara a makarantar, babban ɗana kuma yana aji biyu. Na yi murna da zuwansa. Na ce ga ƙanena ya zo inda nake da baki.

A tsakar gidana ya fara yi mini bayanin aikin, muna cin tuwo.

"Yaya, a wurin aikinku fata tana fita ba a duba ta ba?"

Na ce ina! Akwai ta ɗaya, akwai ta biyu, akwai wadda za a mayar a sake aiki.

"Da me kuke ganewa?"

"Da hannu da ido mana. Akwai kaurin da aka sani, akwai laushin da aka sani."

"To mu a makaranta ba mu da wannan. Yaro zai shiga aji ɗaya ya fita aji shida, ba wanda ya taɓa tsayar da shi shi kaɗai ya ce karanta mini wannan in ji."

Abin da ya zo da shi ke nan. Ma'auni yake ce masa. Kowane aji yana da abin da ya wajaba yaro ya iya yi da shafin rubutu kafin a ce ya iya karatu. Ɗan aji ɗaya a ba shi shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta, ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa. Ɗan aji uku ya nuno dalilin da marubuci ya bayar. Na manyan azuzuwa su iya cewa sun yarda ko ba su yarda ba, su rubuta hujjarsu. Kuma ya ce wannan ba aikin malamin Turanci da na Hausa kaɗai ba ne. Mai koyar da lissafi, da mai kimiyya, da mai addini, duk wanda ya riƙe littafi a gaban yara, malamin karatu ne ko yana so ko ba ya so.

Ran Asabar yake tara malaman, ya zaunar da su a bencin yara. Wani Malam Bulus, mutumin Filato mai koyar da labarin ƙasa, shi ya ba ni labarin ranar farko, yana dariya har da hawaye. Ya ce Sabi'u ya tambaye su, in yaro ya tsaya cak a tsakiyar layi me za ku yi? Wasu suka ce a faɗa masa ya maimaita. Wani ya ce bulala. Shi Bulus ya ce, "Malam, ni fa taswira aka ɗauke ni in koyar, ba a-ba-ca-da ba." Sabi'u ya ce, "Yaron da ba zai iya karanta sunan kogin ba, me zai yi da taswirarka? Ya naɗe ƙosai?" Bulus ya ce tun daga ranar ya miƙa wuya. Sauran ranakun mako kuma Sabi'u ba ya zama a ofis. Yakan shiga aji ya zauna a bencin baya, ya kalli yadda malami yake yi, in an tashi su keɓe a gindin bishiya su yi magana.

To ga inda matsalar ta fara. Katangar makarantar tana kan hanyarmu ta zuwa aiki. Shekara da shekaru idan muka wuce da safe muna jin abu ɗaya: malami ya faɗa, aji ya ɗauka da ƙarfi, malami ya sake, aji ya sake, har katangar kamar za ta tsage. Wannan amon shi ne shaidarmu. Mu da ba ma iya duba littafin yaro mu gane ko daidai ne, da kunne muke bin makaranta. In amo ya yi ƙarfi, malamai suna aiki. Bayan zuwan Sabi'u sai amon ya fara raguwa, har ya kusa ɗaukewa. In ka leƙa ta taga sai ka ga yara bibbiyu sun haɗa kai a kan shafi suna ƙus-ƙus, malami yana zagayawa yana tsugunawa a gefen wannan da wancan. Abokan aiki suka fara tare ni. "Ciyaman, makarantar taku yajin aiki take yi ne?"

Na kai masa ƙorafin. Ya ce, "Yaya, ka tuna makarantar allonmu. Bayan duk hayaniyar, ai kowa sai ya zo gaban Malam ya biya allonsa shi kaɗai kafin a ce ya wanke. A boko mun ɗauki hayaniyar, mun bar biyawar." Da a nan abin ya tsaya, da na tare masa.

Sai aka zo auna yara. Kowane yaro a ba shi shafin da bai taɓa gani ba. Ɗana bai taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba. In ya dawo gida yakan tsaya a tsakar gida ya zubo darasin ranar kamar rediyo, har abokan aikina suna ce masa Farfesa. Aka ba shi shafi, ya kasa wuce layin farko. Aka sa shi cikin waɗanda za su riƙa tsayawa bayan an tashi a koya musu karatu daga tushe. Yara suka raɗa musu suna, 'yan firamare.

Sabi'u bai bari na ji a waje ba. Da kansa ya zo gida.

"Yaya, Nasiru yana da kai. Abin da ya ji sau biyu ya riƙe ke nan. Da kunne ya kai inda yake, ba da ido ba. Ka bar mini shi zango biyu, za ka yi mamaki."

"Ka fitar da shi daga cikinsu."

"In na fitar da shi, me zan ce wa iyayen sauran?"

"Ka ce ɗan yayanka ne."

"Ai shi ya sa ba zan fitar da shi ba."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya tafi, na kira yaron, na miƙa masa wata tsohuwar jaridar Hausa da aka naɗo mini tsire a ciki, na ce karanta. Ya riƙe ta da hannu biyu. Bai kalli rubutun ba, bakina yake kallo, yana jira in fara ya ɗauka. Ni da na tsaya a firamare ina iya haɗa kalmomin nan, shi ɗan sakandare ba ya iyawa. Na karɓe jaridar na jefa a murhu. Saboda haka kada wani ya yi mini uzuri da jahilci. Na gani da idona kafin in yi abin da na yi.

Washegari a kamfani, muna hutun cin abinci, wani lebura da ke ƙarƙashina, wanda ɗansa ya haye awon, ya ɗaga murya ya ce, "Heluma, wai an ce Farfesa ya koma firamare?" Aka bushe da dariya. Dariya ce ta minti ɗaya, kowa ya koma kan kwanonsa. Wannan dariyar ita na ɗauka na auna da rayuwar ɗana, na ga dariyar ta fi nauyi.

Na kira taron iyaye. Aka gayyaci Sabi'u ya zo ya yi bayanin aikinsa, ya zo da takardunsa, da malaman da suka shirya nuna abin da yara suka ƙaru da shi. Mutane da yawa suna da tambaya, kuma da wani daga cikinsu ya fara magana, da Sabi'u ya amsa masa dalla-dalla har ya gamsu, domin ya iya bayani. Na san haka. Na kuma san wani abu da sauran ba su sani ba. Tun yana yaro Sabi'u bai taɓa mayar mini da magana a gaban wani ba, ko a gaban matarsa. In mu biyu ne yakan ja da ni, amma in akwai na uku sai ya sunkuyar da kai. Haka aka tarbiyyantar da mu, ni kuma na ƙara masa. Saboda haka ban ba kowa dama ba, na miƙe na fara.

Na ce tunda wannan tsari ya zo makaranta ta mutu, kowa ya ji da kunnensa. Na ce abin wasu ne daga waje aka kawo don a dakushe mana yara. Na ce ni na raini mai wannan aiki, na san taurin kansa. Sannan na ɗauko maganar da ya yi mini a kan tuwo a cikin gidana, na juya ta. Na ce, "Da bakinsa ya gaya mini yaranku fatu ne. Zai ware ta ɗaya, ya ware ta biyu, ya ware ta zubarwa." Zauren ya ɗauki salati.

Shugaban makarantar ya ce, "Malam Sabi'u, ko kana da abin cewa?"

Ya miƙe, takardunsa a hannu. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Yayana ya yi magana. Ba ni da abin da zan ƙara."

Ya zauna. Wani daga can bayan zauren ya ce, "Kun gani ko? Ba shi da amsa!" Malam Bulus ya ɗaga hannu, na yi kamar ban gani ba. Ya miƙe duk da haka ya ce, "Ciyaman, a kira yaro ɗaya mana a ba shi takarda, kowa ya gani da idonsa." Na ce nan ba gidan wasan kwaikwayo ba ne, na sa aka yi addu'a aka tashi.

Mutane suna yabon ladabi, ni ma ina yabonsa. Amma na ga yadda ake yanka mutum da ladabinsa, domin ni na riƙe wuƙar. Kuma ba ni kaɗai ba ne a garin nan. Yayye nawa, iyaye nawa, shugabanni nawa suke miƙewa su fara magana don sun san na ƙasa ba zai iya buɗe baki ba, sannan su ce ai an yi shawara?

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai jinina ya tafasa, ko da yake ni na kunna wutar. Muka ɗunguma zuwa ofishin ilimi, mu iyaye. A cikin ma'aikatan ofishin ba wanda ya ce bari mu je mu ga aji ɗaya. Ba wanda ya ce a kawo yaro a saurare shi. Sun ga manyan riguna sun ji hayaniya, suka ce a dakatar. Shugaban makarantar, wanda makon da ya wuce yake kiran Sabi'u hasken makaranta, ya ce shi dama yana da shakku. Malamai da dama suka yi hamdala, domin a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, ka faɗa su maimaita ya fi sauƙi a kan ka tsuguna gaban kowane ɗaya. Ban ga laifinsu duka ba, aikin yana da wuya kuma ba a kyauta musu. Amma sun san gaskiya, sun fi ni saninta, suka yi shiru. Aka mayar da Sabi'u ofis, aka ba shi tebur babu aiki. Amo ya dawo bayan katanga. Ina wucewa da safe ina jinsa ina ɗaga kafaɗa. Ɗana ya koma na ɗaya. Na kuma kafa masa doka: kada in ƙara jin ya je wurin Baffansa ko wurin wani malami da sunan wannan koyon karatu.

Yanzu ku zo ku ga yau. Maganganun da aka kori Sabi'u a kansu su ne a bakin kowa. A rediyo ma'auni, a taro ma'auni. Ana kwasar malaman sakandare a kai su otal bita, a rataya ƙyalle mai rubutu, a raba jaka da biro, a ci shinkafa da kaza, a jeru a ɗauki hoto. Wasu daga cikin masu jawabin na gane fuskokinsu, su ne suka karɓe mu a ofis ranar nan suka ce a dakatar. Ran Litinin malamin ya koma ajinsa, ya ajiye jakar a kan tebur, ya ɗauki alli ya ce ku maimaita. Na bi ta bayan katangar makon jiya, amon yana nan yadda na bar shi. Da Sabi'u zai leƙo ya ga wannan, na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai jira a gama hoton ne ya ce, to ran Litinin wa zai bi malamin nan aji? Wa zai zauna a bencin baya? Horon da ba a bi malami aji ba yawon otal ne, kuma masu shirya shi sun sani.

Mu iyaye kuma ba mu canja ba. Har yau abin da muke tambaya shi ne na nawa ya zo. Ba ma tambaya ko ya iya karanta abin da ke hannunsa. Mun fi son a yi mana ƙarya mai daɗi a ƙarshen zango. A zamanina ƙarfi yana ciyar da mutum, ka shiga kamfani da ƙwanjinka ka fito da abincin iyali. Yau ku zaga Sharada da Bompai ku ƙirga ƙofofin da aka garƙame, da waɗanda aka mayar wurin ajiye kayan waje. 'Yan kamfanonin da suka rage injinansu da rubutu suke magana. Muna turo musu samari da takardar sakandare a hannu, ba sa iya karanta gargaɗin da ke jikin ganga. Wa muke cuta?

Shekarar da ɗana ya gama sakandare Sabi'u ya kwanta ciwon da bai tashi ba. A tsakanin nan ba mu yi gaba ba, muna gaisawa, yana zuwa gaishe ni da Sallah ya tsuguna kamar kullum. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na je asibiti da rana, ɗakin da mutane, matarsa da surukansa. Na faɗi abin da kowa yake faɗa a irin wannan wuri.

"Sabi'u, mu yafi juna."

Ya ce, "Ni ba ka yi mini komai ba, Yaya. Ka ciyar da ni, ka tufatar da ni. In akwai wanda za ka roƙa, yana gidanka."

Ko a nan sai da zuciyata ta tashi. Na ce, "Yaron da ya fito da sakamako mai kyau?" Alhali na san yadda sakamakon ya samu. Ni na kai shi inda ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa. Sabi'u ya dubi mutanen da ke ɗakin, ya rufe idonsa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan rasuwarsa na nema wa yaron aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ɓangaren ajiyar kaya. Mai ɗaukar ma'aikatan tsohon sanina ne. Ina zaune a benci a waje, ƙofa a buɗe. Na ji ya ce, "Ga wannan shafin, karanta ka gaya mini abin da ake so a yi." Na kasa kunne. Fanka kawai nake ji tana juyawa. Can mutumin ya fito, ya dafa kafaɗata, ya rage murya ya ce, "Heluma, a kawo shi wajen lodi, ai yana da jiki." Na koma unguwa na ce sun ba ɗan'uwansu aikin, ƙasar nan sai kana da hanya. Yaron yana tsaye yana jina. Bai je lodin ba, ya karɓi adaidaita sahu. Da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da matarsa da 'yarsa Ummi. Saƙon waya sai na murya. In fasinja ya miƙo masa adireshi a rubuce sai ya ce, "Karanta mini, idona yana kan titi." Duk ina gani, shekara da shekaru, ina cewa ai sana'a ce, Allah ya sa albarka.

Me ya rage na Sabi'u? Ba zan yi ƙarya in ce da yawa ba, domin ni na rushe mafi yawansa. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Masu jawabi a otal ba sa ambatonsa. Abin da ya rage 'yan malamai ne da ba su kai yatsun hannu ba, waɗanda suka zauna a bencin yara ran Asabar abin ya shige su. Malam Bulus yana cikinsu. Ya kusa ritaya, gashinsa ya yi fari, har yau in ya shiga aji yakan tura ƙofa ya raba shafi ya fara tsugunawa gaban yara da gwiwarsa mai ciwo. Duk yaron da ya bi ta hannunsa ya fita yana karanta abin da aka miƙa masa, Sabi'u yana da lada a ciki. Kaɗan ne. Amma ya fi duk abin da ni na bari.

Watan jiya na je Bompai duba wani tsohon abokin aikinmu da ba shi da lafiya. Na fito bayan la'asar ina neman abin hawa, sai na hango adaidaitar ɗana a gindin wata bishiya, jikin katangar wani kamfani da aka rufe. Yana zaune a kujerar baya, ya sunkuya. Da na matso sai na ga ɗan littafi ne a cinyarsa, irin na 'yan aji ɗaya na firamare, ya ɗora yatsa a kan layi, bakinsa yana motsi. Ya ɗago ya gan ni. Magidanci, uban 'ya, mai gemu, ya cusa littafin a ƙarƙashin kujera da sauri kamar an kama shi da kayan sata. Ya diro ya tsuguna.

"Baba, ina wuni. Ina za ku?"

"Gida."

Na shiga baya, ya tayar. Muka yi tafiya har muka shiga cunkoson tireloli.

"Littafin wane ne?"

"Wani fasinja ne ya manta."

Na bar shi. Tirelar gabanmu ta matsa, muka matsa.

"Wa yake koya maka?"

Ina kallon ƙeyarsa.

"Malam Bulus. Ran Lahadi in ya dawo daga coci."

"Tun yaushe?"

"Tun da Ummi ta shiga makaranta. Ta kawo mini littafinta ta ce in duba mata."

"To me ya sa kake ɓoyewa?"

Ya ce, "Ai kun hana ni, Baba. Kuma ba ku taɓa cewa kun janye ba."

Na ce ya tsaya. Ya gangara gefen titi ya kashe injin, bai juyo ba, hannunsa yana kan kan adaidaitar. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun da aka haife shi kai nake ce masa, ko yaron nan. Ranar na kira.

"Nasiru. Baffanka gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce tun ranar da ya faɗa. Dariyar mutanen kamfani na ji wa tsoro, na fanshi kaina da kai. Ba malamai ne suka cuce ka ba, ba mai ɗaukar aiki ba ne, ni ne. Na janye hanin. Ka fito da littafinka. Ka yafe mini."